A Auna Gurgu Kafin A Ba Shi Kujera

Jama'a, tun 1976 aka fara wasannin naƙasassu na lokacin sanyi a ƙasar Suwidin. A duwatsun Turai gurgu yakan zauna cikin kujera mai ƙafa ɗaya, ya riƙe sanduna biyu, ya gangaro bisa ƙanƙara yana tsere.

Mai sayen kujerar nan ba tsada yake dubawa ba. Sai an auna ƙugunsa tukuna. In ƙarfin bayansa kaɗan ne, a ba shi doguwar majingina. Kujera in ta yi sako-sako, faɗuwa ce.

To, mu fa? 'Yan kasuwa kun sani, tela ba ya yanka yadi sai ya auna. Amma masu mulki sukan raba wa guragunmu kekuna ba awo, a ɗauki hoto, a watse. Wannan ba taimako ba ne, neman suna ne. A tambayi gurgu tukuna!