Cefane Ya Iso Ƙofar Gida, To Ina Ledar Za Ta?

Jama'ar Kano, musamman mutanen Fagge da Sabon Gari, masu saye da masu sayarwa a Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, ku ba ni aron hankalinku.

Wata sana'a ta kankama a garin nan. Uwargida tana zaune a Hotoro ko Rijiyar Zaki, ta rubuta jerin cefane ta WhatsApp, ta tura kuɗi ta banki, kafin la'asar ɗan aike ya yi sallama da kayan miya da shinkafa da mai. Abin a yaba ne. Matasa sun samu abin yi, tsofaffi sun huta da cunkoson Bata, kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, don tun kaka da kakanni cefane har gida yake samun iyayenmu mata. Amma ku tsaya ku kalli kayan lokacin da ake kwance su a tsakar gida. Tumatir a leda, an ninka ta biyu don kada ta fashe. Attaruhu a leda, albasa a leda, alayyahu a leda, daddawar da ba ta cika tafin hannu ba ita ma da tata, sannan a haɗa duka a zuba a babbar baƙar leda. Kafin a ɗora tukunya, iska ta fara wasa da su a bakin kwata.

Daga kwata sai magudanar ruwa. Duk wanda ya bi titin Faransa ko ya ratsa lungunan Fagge bayan ruwan Agusta ya ga sakamakon: lambatu ya toshe, ruwa ya dawo kan titi, ya shiga shaguna, ya jiƙa gindin katanga har ta faɗi. Ku tambayi mahauta abin da suke cirowa daga tumbin saniya da akuya, dunƙulen leda ne mai tauri wanda ya hana dabba ƙiba. Wadda aka ƙona a bola kuwa, hayaƙinta a ƙirjin 'ya'yanmu yake sauka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, mun gaji tsarin da ya fi wannan. Manoman kewayen birni, daga Ungogo zuwa Kumbotso da Gezawa, sun shekara ɗaruruwa suna noma gona ɗaya ba hutu, ƙasar ba ta mutu ba. Sirrin a bayan jaki yake. Jaki ya shigo birni da itace da amfanin gona, ya koma da mangala cike da toka da kashin awaki da sharar gida, a juye a gona lokacin rani, damina ta mayar da su dawa da gero. Birni yana ciyar da gona, gona tana ciyar da birni. Har yau manoma suna sayen takin bola a mota, sai dai yanzu idan aka juye shi sai an sa yara tsince leda da roba da fasassun kwalabe, abin da ya saura kuma ya nutse a ƙasa ya hana saiwa tafiya. Mu muka lalata musu takin, mu 'yan birni, da hannunmu.

Wasu masu kawo kaya suna tallar cewa nasu ganyen ba feshi, ba takin zamani, suna ƙara farashi. Madalla idan gaskiya ne. Amma ke uwargida, kafin ki biya, tambayi daga wane lambu. Akwai tumatir da albasar Kadawa da Kura da Bunkure, masu shan ruwan madatsar Tiga. Akwai kuma salak da kabeji da karas da ake bai wa ruwan Jakara da na Getsi, inda ƙazantar birni da dagwalon masana'antun Bompai suke gangarawa, kuma masana sun sha auna wannan ruwa suna samun gubar ƙarafa a cikinsa. A faranti ba ka bambance su da ido. Ban zargi mai lambun ba, ruwan da muka tura masa da shi yake ban-ruwa. Maganin ƙwari ma haka: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda yawan maganin da aka samu a jikinsa, mu kuwa ba mu fasa dafa shi ba. Wanda ya ce kayansa masu tsabta ne, ya faɗi sunan ƙauyen da ranar da aka tsinko. Idan ya fara kame-kame, riƙe kuɗinki.

Sai batun mai. Adaidaita sahu guda, ta ƙona fetur daga Sabon Gari har Kabuga saboda cefanen gida ɗaya, ta dawo wayam. Tun da aka cire tallafi a 2023 ko aljihu ba ya ɗaukar wannan, balle iskar da muke shaƙa. Matan layi ɗaya, kuna adashi tare, kuna biki tare. Me zai hana ku haɗa cefane? Rana ɗaya a mako, sawu ɗaya, gida goma. Kuɗin aike ya ragu, a sayo muku da farashin kwando daga 'Yankaba, a raba.

Alhazai da hajiyoyin kasuwa, kan ku na zo. Gobarar 2016 ta cinye dubban shaguna a Kasuwar Rimi, kuka tashi kuka sake kafa jari. Wanda ya iya wannan ba zai gaza da leda ba. Kowane layi yana da shugaba, kowace sana'a tana da ƙungiya. Ku zauna ku yanke shawara: mai kai kaya gida ya kai su a kwando ko buhu ko bokiti mai murfi, ya juye, ya dawo da abinsa. Tumatirin da ya ruɓe da ɓawon albasa da ganyen kabejin da ake sharewa kowace yamma, a ware musu wuri daban, kada leda ko ɗaya ta shiga, motar da ta kawo kaya daga Kura ta koma da su. Taki ne, kuɗi ne, manomi zai saya. Ku kuma matasa masu aike, ku karɓo ɓawon gida a sawun dawowa, ku sayar wa masu kiwo da masu lambu.

Gwamnati ma tana da nata. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi a 2017, Legas ta hana robar zuba abinci ta kumfa a 2024. Ya kamata hukumar kwashe shara ta REMASAB ta ajiye mazubin ruɓaɓɓen kaya a ƙofofin kasuwa, majalisar jiha ta ɗauko maganar leda, a tilasta wa masana'antu tace ruwansu kafin su sake shi. Mu matsa musu a rediyo, mu matsa wa kansiloli, limamai su faɗa a huɗuba.

Amma kada mu jira su. Cefanen da za ku aika gobe, ku ƙara layi ɗaya a ƙasan saƙon: kada a sa mini a leda, ga kwandona nan, kuma a gaya mini daga wane lambu aka tsinko.