Kada A Canza Mana Jamus



Da aka raba ƙasashe domin bikin ranar al'adu na wannan zangon, ajinmu Jamus ya samu. Nan take aji ya kaure da surutu. Wasu suka ce a je a roƙi Malama ta canza mana, wai Jamusawa ba su da abinci sai naman alade da giya. Mu 'yan kulob ɗin jarida da ke ajin ba mu goyi bayan haka ba, ga kuma dalilinmu.

Gaskiya ne suna cin alade sosai. Mu ba ma ci, kuma ba wanda ya ce mu dafa shi. Amma da muka bincika sai muka tarar abincinsu ya wuce nan. Burodi kaɗai suna da fiye da iri 3,000, har abincin darensu ma sunansa Abendbrot, wato burodin yamma. Burodi ne da cuku da ɗan nama mai sanyi, ba a ko hura wuta. (A gidajenmu in ba a ga tuwo ba, ai ba a ci abincin dare ba.) Suna kuma ji da dankalin Turawa. A shekarar 1756 Sarki Frederick na Biyu ya ba da umarni manoma su riƙa shuka shi saboda yunwa, kuma har yau masu ziyartar kabarinsa a garin Potsdam dankali suke ajiyewa a kai.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne Sauerkraut, wato kabeji mai tsami. Lokacin sanyi a can ƙanƙara kan rufe gonaki, ba a samun ɗanyen ganye, kuma a zamanin da babu firji. Sai su yanka kabeji siriri-siriri, su zuba gishiri kamar giram 20 a kowane kilo, su murza har ya fitar da ruwa. Daga nan su danna shi cikin tukunyar ƙasa, su ɗora abu mai nauyi don ruwan ya rufe shi, iska kada ta taɓa shi. Bayan 'yan makonni wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani sun mai da zaƙin kabejin tsami, tsamin nan kuma shi ke hana shi ruɓewa. Yakan yi watanni, ga sinadarin bitamin C a ciki.

Da muka karanta wannan sai wata a cikinmu ta ce, "Ashe daddawarsu ce!" Aka yi dariya, amma ta yi gaskiya. Iyayenmu ma haka suke rufe kalwa ta yi kwanaki kafin ta zama daddawa. Bambancin shi ne Bajamushe yana kai wa baƙonsa kabejin nan da alfahari, ko da yake asalinsa abincin talaka ne kuma yana da wari. Mu kuwa a nan makarantar, ranar da wani ya buɗe kwanonsa aka ji ƙamshin daddawa, toshe hanci aka yi ta yi ana tsokanarsa, har ya rufe kwanon bai ci ba. Da mu a masu dariyar, kuma yanzu muna jin kunyar abin.

Ga kuma wani abu. Duk wanda ake aike kasuwa da rani ya san yadda kabeji ke yin araha idan na lambu ya shigo, ya kuma ga wanda ya ruɓe an zubar a bayan rumfuna. Gishiri da tukunya kawai zai hana wani daga ciki lalacewa.

Don haka muna roƙon Malamar koyar da girki ta bar mu mu gwada. Kabeji uku muke buƙata, da gishiri, da kwalba mai faɗin baki, kuma mun yarda mu haɗa kuɗin da kanmu. Yanzu da ake hunturu ya fi dacewa, domin zafi yana sa shi saurin lalacewa. In aka fara wannan makon, zai yi tsami kafin ranar bikin. Muna so a ajiye shi a teburinmu kusa da miyar kuka mai daddawa, duk wanda ya zo ya ɗanɗana duka biyun.