Idon yaro ya firfito? A duba wuyansa

Yarinya 'yar shekara 13 a wani ƙauyen Baure ta fara ramewa, alhali ta fi kowa ci a gidan. Zuciyarta na bugawa da sauri, hannunta na rawa, tana zufa ko a cikin hunturu, ta kasa zama wuri ɗaya a aji. Idanunta kuma sun firfito kamar wadda ta firgita. A gidaje da yawa, abin da za a fara cewa shi ne iska ce. Wasu kuma su tsaya kyamis su sayi maganin ɗigawa a ido.

Sau da yawa ciwon a wuya yake. Akwai wata 'yar gaɓa a gaban maƙogwaro da likitoci ke kira tayirod, wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Ita ke daidaita saurin aikin jiki. A cutar Graves, wadda ta ci sunan likitan Ayalan Robert Graves da ya bayyana ta a 1835, garkuwar jiki ce ke rikicewa ta tunzura tayirod, ta kuma kumbura nama da kitsen bayan ido har ƙwayar ta turo waje. Ta fi kama 'yan mata lokacin balaga. Ba ƙarancin aidin ke kawo ta ba, don haka gishiri mai aidin ba ya maganinta.

A yara, larurar idon ta fi sauƙi fiye da ta manya, kuma takan lafa idan aka daidaita tayirod. Jinkiri ne ke ɓata lamarin. Idan fatar ido ba ta rufuwa lokacin barci, baƙin idon yakan bushe, ya yi gyambo, gani ya lalace. Hayaƙin sigari na ƙara tsananta ta, ko da uba ne ke sha a ɗakin da yarinyar take.

Gwajin jini ne ke gano ta, TSH da T4. Ra'ayinmu shi ne Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Katsina ta tabbatar ana yin sa a Daura cikin farashin da manomi zai iya biya, ko a ɗebi jini a Baure a aika, kafin a tura mai tsanani Katsina ko Asibitin Malam Aminu Kano. Ma'aikatan ƙananan asibitoci kuma a koya musu taɓa wuya da ƙirga bugun zuciya ga duk yaron da ya zo da irin wannan ido.

Maganin da aka saba bayarwa, carbimazole, ana shan sa tsawon shekaru, ba a dainawa don an ga sauƙi. Amma yaron da ke shan sa ya kamu da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, a dakata a kai shi asibiti ranar. Ƙaramin yaron da ido ɗaya ya firfito masa cikin 'yan makonni kuwa, ana iya samun ƙari a bayan idon, kada a kwana da shi a gida.