Wa Zai Miƙe Ya Yi Magana da Yawun Bagega?

A watan Maris na 2010 ne ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara na mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, bincike kuma ya nuna gubar dalma ce daga dutsen zinare da ake niƙawa har cikin gidaje. Yara sama da 400 suka rasu. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa a Dareta da Abare da Sunke da 'Yargalma, amma Bagega, wadda ta fi su girma, ta zauna jira da yara kusan 1,500, domin magani ba ya amfani muddin yaro zai koma wasa cikin ƙurar da ta sa shi ciwo. Sai a Janairun 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin aikin, bayan su Hamzat Lawal na Follow The Money sun matsa lamba. Sun cancanci godiya. Sai dai muryar da ta kai kukan Bagega kunnen hukuma daga Abuja ta fito, kuma garin da ya dogara da baƙo ya yi magana a madadinsa zai daɗe yana jira.

Duk wanda ya halarci taron ƙauye ya san yadda abin yake. Baƙi sun zo daga Gusau, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar hakimi, an ce ko akwai mai magana. Magidancin da ya fi kowa sanin matsalar ya ji maƙogwaro ya bushe, gwiwa ta yi sanyi, in an miƙa masa lasifika sai ya ce, "Ranka ya daɗe, mun gode, Allah ya saka da alheri," ya zauna. Da yamma a majalisa kuwa, shi ne zai zayyana komai dalla-dalla ba tare da in'ina ba. Ke nan ba hujja ya rasa ba, kuma ba baki ya rasa ba. Abin da ya ɗaure masa harshe shi ne zaton cewa taro na 'yan boko ne masu Turanci. Alhali abin da jami'in lafiya ke nema shaida ce: uwar da ta san ranar da ɗanta ya fara taune-taune, da mai haƙa da ya san gidan da aka mayar da injin niƙa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya tsayar da zancensa kan abin da ya gani, da lokacin da ya gani, da abin da yake so a yi, ya kuma faɗa da Hausarsa, ya rage rabin fargaba tun kafin ya miƙe.

Za a ce kunya ado ce, musamman ga mace da yaro a gaban manya. Haka ne, kuma ba wanda ke kira ga fitsara. Amma a wannan ƙasa tamu Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa 'yan taru, jajojinta, wato matan da ke jagorantar su, na shiga ƙauyuka suna karantar da taron mata, ba a taɓa cewa sun zubar da mutunci ba. Ladabi yana cikin yadda aka faɗi magana, da gaisuwa da sassauta murya. Bai hana faɗinta ba. Matan da suka yi jinyar yaran nan su ne suka fi kowa sanin ciwon, rufe bakinsu asara ce ga gari duka.

Hujjar yin shiru da ta fi nauyi ita ce ta tsaro. A yammacin Zamfara yau akwai maganar da in mutum ya furta a fili, dare zai iya riskar sa da 'yan bindiga, akwai kuma tsoron kada bayyana ciwo ya jawo a rufe ramin da ake ci da shi, kamar yadda gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a jihar a 2019 saboda matsalar tsaro. Wannan tsoro na gaskiya ne, ba zan ce wa kowa ya jefa kansa ba. Amma zancen rijiya da ta lalace, da asibitin da babu magani, da gwajin jinin yara, ba sa cikin wannan sahu. Haɗa su duka a kira shi taka-tsantsan shi ke sa a yi shiru har a inda shirun ke kisa.

MSF ta miƙa aikin jinyar yaran ga gwamnatin jiha a 2022, saboda haka tambayar ko ana ci gaba da gwada yara ta dawo wuyan mutanen gari. Sabo da magana a gaban jama'a kuwa a ƙaramin taro ake samun sa. Malaman firamare da na Islamiyya su riƙa tsayar da kowane ɗalibi, har da 'yan mata, ya yi bayani na minti biyu a gaban aji kowane mako. Kwamitin lafiya na mazaɓa kuma ya zaɓi masu magana, mace da namiji, kwana biyu kafin zuwan baƙi, su gwada abin da za su faɗa a gaban mutum biyar na unguwarsu.