RA'AYINMU: Jinyar Masu Shaye-shaye Amana Ce Mai Bukatar Ilimi

  

Ya 'yan uwa Musulmi, babu mai musun cewa annobar shaye-shaye ta shiga lungu da saƙo na wannan al'umma. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya cikin shekara guda. Ɗaya daga cikin kowane huɗu mace ce, ɗaya daga cikin kowane biyar kuma abin ya riga ya zame masa ciwo. Mun daɗe muna yin Allah wadai da wannan fitina a kan mumbari, kuma daidai ne. Amma tambayar da ke gabanmu yau ita ce: wanda ya riga ya kamu, a hannun wa muke damƙa shi?

Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan 'yan ɗaruruwa ne kacal, ga jama'ar da ta haura miliyan 200, kuma da yawansu suna ficewa ƙasashen waje. Asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, ba za su iya ɗaukar kowa ba. Wannan giɓi ne ya buɗe ƙofa ga duk wanda ya ga dama ya kafa gida ya kira shi na gyaran tarbiyya. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutane fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, da yawansu ɗaure da mari, jikinsu duk tabon bulala. A watan Oktoba aka sake ganin irin wannan a Daura. Abin takaici, da sunan Musulunci aka aikata wannan, kuma iyaye ne da kansu suka kai 'ya'yansu, suna biyan kuɗi, domin sun rasa inda za su dosa.

Muna faɗa da babbar murya cewa mari da yunwa da duka ba su da asali a cikin tarbiyyar Manzon Allah (SAW). Allah Maɗaukakin Sarki, da Ya san halin bayinSa, daki-daki Ya haramta giya: a Suratul Baƙara Ya bayyana cewa zunubinta ya rinjayi amfaninta, a Suratun Nisa'i Ya hana kusantar salla cikin maye, sannan a Suratul Ma'ida hani yankakke ya sauka. Haka kuma Imamul Bukhari ya ruwaito labarin wani sahabi da aka sha kawowa saboda shan giya. Da wani ya la'ance shi, sai Manzon Allah ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. Hukunci kuwa, inda ya tabbata, aikin shugaba ne da alƙali, bisa sharuɗɗa. Babu wanda shari'a ta ba ikon buɗe kurkuku a bayan gidansa.

Wajibi ne mu gane cewa kyakkyawar niyya kaɗai ba ta mayar da mutum ƙwararre. Wanda jikinsa ya saba da giya ko ƙwayoyin barci irin su diyazefam, idan aka yanke masa farat ɗaya, yana iya faɗawa cikin jijjiga da ruɗewa har ya rasa ransa. Tiramadol ita ma tana haddasa jijjiga irin ta farfaɗiya. Da yawa daga masu shaye-shaye suna ɗauke da wani ciwon a ƙarƙashi, kamar matsananciyar damuwa ko firgicin da rikici ya bari, kuma muddin ba a gano shi ba, to kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Malamin da bai san waɗannan ba, ya riƙe mara lafiya da ruƙiyya kaɗai, ya ɗauki nauyin da zai amsa tambaya a kansa gobe ƙiyama. Haka nan ma'aikacin lafiyar da ya raina matsayin tuba da salla da zama da mutanen kirki, ya zubar da babban makamin da mara lafiyarsa yake da shi. Kowa ya tsaya a iyakar saninsa, ya miƙa abin da ya fi ƙarfinsa ga ma'abotansa.

Sai batun sirri. Sau nawa matashi ya buɗe cikinsa ga mai nasiha, washegari ya ji labarinsa a majalisar unguwa? Matsalar ta fi tsanani ga mata, musamman matan aure da 'yan matan da kodin ya kama tun kafin gwamnati ta hana sarrafa shi da shigo da shi a maganin tari a 2018. Tsoron saki da tsoron rasa miji suna sa su haɗiye ciwonsu. Suturta Musulmi umarni ne na addini tun kafin ya zama ƙa'idar aiki. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ita ma ta tanadi kare mutunci da sirrin mara lafiya. Saura aiwatarwa.

Saboda haka muna kira ga rassanmu da kwamitocin masallatai da su zaɓi 'yan uwa masu haƙuri da riƙon amana, maza da mata, a tura su samun horo na gaskiya a wajen likitoci da masana halayyar ɗan Adam. Kowane reshe ya san asibitin da zai tura mutum, da jami'an Hukumar NDLEA masu ba da shawara a jiharsa. A ware wa waɗannan ma'aikata alawus, a kuma sa musu mai duba aikinsu, domin aikin yana cinye zuciya, kuma wanda aka bari shi kaɗai da sannu zai gaji ko ya kauce. Masu hali su tuna cewa biya wa talaka kuɗin jinya da koya masa sana'a bayan ya fito sadaka ce mai gudana. Ɗalibanmu kuma su shiga wannan fanni na karatu, domin farilla ce ta kifaya da ta hau kanmu.

Ga gwamnati, muna cewa rufe gidajen mari ba tare da samar da madadi ba zai sa su koma aiki a ɓoye. A yi wa kowace cibiya rajista, a riƙa kai mata ziyarar bazata, a ƙara gadaje da ma'aikata.

Ga iyaye kuma, idan ɗanku ya koma ruwa bayan ya daina, kada ku yanke ƙauna, domin hakan yana daga cikin ɗabi'ar wannan ciwo. A sake kama hannunsa, a sake komawa wajen masana.

Allah Ya shiryi zuri'armu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu dace.