Tsakanin Amana da Rai

Jama'a, duk wanda ake kai wa sirri, likita ne ko malami ko mai unguwa, yana iya samun kansa a tsaka mai wuya: in ya yi shiru wani ya halaka, in ya yi magana a ce ya ci amana.

A 1969, a Kalifoniya ta Amurka, wani ɗalibi ya shaida wa mai duba lafiyar tunaninsa cewa zai kashe wata budurwa. An sanar da 'yan sandan jami'a, amma ba a gargaɗe ta ba, haka ma iyayenta. Bayan wata biyu ya kashe ta. A 1976, a shari'ar Tarasoff, kotun ƙolin jihar ta ɗora wa likita nauyin kare wanda ake yi wa barazana.

Malamanmu sun riga su. Imam Nawawi, a Riyadus Salihin, ya lissafa wurare shida da giba ta halatta, ciki har da gargaɗin mutane daga sharri.

A ganina, rai ya fi sirri nauyi. Idan barazanar ta tabbata, a fara da yi wa mai sirrin nasiha. In ya ƙi, a sanar da wanda ake nufi ko hukuma, gwargwadon abin da zai tsare rai. Abin da ya wuce haka tsegumi ne, kuma gobe ba mai kawo damuwarsa zaure.

Allah Ya sa mu dace.