Hasumiyar Maine da Alhakin Ma'abota Alƙalami

Duk matafiyin da Allah Ya kai birnin New York, ya tsaya a ƙofar kudu maso yamma ta babban lambun shaƙatawar nan na Central Park, zai tarar da wata hasumiya ta dutse wadda ruwa ke ɓuɓɓuga a gindinta, an sassaƙa goshin jirgi yana leƙowa cikin kwarmin ruwan, a ƙololuwarta kuwa ga surar mace ta tagulla an shafe ta da ruwan zinariya, dawakan teku uku suna jan kekenta. Galibin masu ziyara hoto suke ɗauka su wuce, alhali wurin ya cancanci tsayuwa da tadabburi, musamman ga mu masu rubutu a jarida.

Asalin al'amarin shi ne, a daren 15 ga Fabrairu 1898 jirgin yaƙin Amurka mai suna Maine ya tarwatse a tashar Havana ta ƙasar Kyuba, mutum fiye da 250 suka halaka; tun kafin a gama bincike, tun kafin wata hujja ta tabbata, jaridar William Randolph Hearst ta ɗora wa Sifaniya laifi, ta yi ta hura wutar fitina kowace safiya har aka shelanta yaƙi tsakanin Amurka da Sifaniya a watan Afrilu. Jaridar ce kuma ta buɗe asusun wannan gini na tunawa da mamatan, har yaran makaranta suka ba da 'yan kwabbansu, Attilio Piccirilli ya sassaƙa surorin, aka ƙaddamar da shi a 1913.

Ba na musun haƙƙin mamatan da aka rubuta sunayensu a jikin dutsen, domin talakawan ma'aikata ne, ajali ya riske su a makwancinsu. Abin da ke ci mini rai shi ne, ko da yake kwamitin bincike na farko ya ce nakiya ce daga waje, binciken da Admiral Rickover ya jagoranta a 1976 ya rinjayar da cewa gobara ce ta tashi a rumbun kwal, ta kama ma'ajiyar albarushi; ke nan zato aka sayar wa jama'a da sunan yaƙini, aka kuwa zubar da jini a kansa. Kafin shekarar 1898 ta ƙare Sifaniya ta rasa Kyuba da Filifin, mutanen Filifin kuwa, waɗanda ba su ci ba ba su sha ba, suka wayi gari a 1899 suna yaƙi da sabon ubangida, wato Amurka.